Yadda nake koya wa ƙananan yara tsirrai da halittun teku da hannunsu

Ni malamar nazire ce, yaran ajina daga shekara uku ne zuwa biyar, kuma duk wanda ya taɓa zama da irinsu yasan in ka tsaya gaban allo kana bayani ko minti biyar baza kayi ba wani ya haye tebur wata ta fara kukan a bata ruwa. Shi yasa a darasin tsirrai da halittu bana zana musu hoto ince ga saiwa ga ganye, abin nake danƙa musu a hannu. Ba sabon tunani bane, a makarantar ƙananan yara da Friedrich Froebel ya kafa a Jamus wajen 1840 kowane yaro yana da ɗan filinsa da zai shuka abu ya kula da shi.

Da wake muke farawa saboda ƙwayarsa babba ce kuma baya daɗewa bai tsiro ba. Kofin roba mai garai-garai, a cusa auduga a jiƙa ta, sai a maƙala ƙwayar a jikin kofin ta yadda za'a riƙa ganinta daga waje, kowa da sunansa a jikin nasa. Kafin komai sai na tambaye su me zai fara fitowa, kusan dukkansu ganye suke cewa, ni kuma bana cewa eh bana cewa a'a. Kwana kaɗan sai bawon ya tsage wani farin abu ya leƙo ya nufi ƙasa. Wata yarinya ta taso da gudu tace "Anti nawa ya lalace, ƙasa yake tafiya!" nace to mu juya shi mana, muka juya ƙwayar saiwar ta kalli sama, da aka kwana biyu ta lanƙwaso ta sake yin ƙasa abinta. Wallahi yadda yarinyar nan ta tsura wa kofin ido tana jan ƙawarta tazo ta gani, babu bayanin da zanyi da baki ya shige ta haka.

Bayan na kowa akwai kofuna na aji. Ɗaya babu ruwa sam, ɗaya mun cika shi da ruwa har ya shanye waken, ɗaya kuma a cikin kabad mai duhu. Na busasshen ko motsi, wanda ya nutse ya kumbura ya ruɓe yana wari don ƙwaya ma tana buƙatar iska, kuma ban zubar ba sai da kowa ya sansana ya yamutsa fuska. Na kabad ɗin ne ya fi ɗaure musu kai, ya fi sauran tsawo amma rawaya ne fayau ga shi siriri ko tsayuwa baya iya yi, da muka fito da shi bakin taga a hankali ya fara yin kore yana karkata wajen haske. Anan na fahimci tsiron da ya mutu ko ya lalace bai kamata a ɓoye wa yaro a musanya masa da mai kyau ba, tambayoyin da suka fi ma'ana a kansa suke fitowa.

Akwai kuma na leda, ka ɗaure farar leda a reshe mai ganye da safe, kafin a tashi zaka ga ɗigon ruwa ya taru a ciki, ruwan da saiwa ta sha ne yake fita ta ganye. Sai farin fure a cikin ruwan da aka ɗiga wa kala, washegari gefen furen ya ɗauki kalar. Waɗannan basa cin lokaci.

Ranar da na kawo tana kuwa, tsutsar nan ta cikin ƙasa, sai da muka sha ihu, rabin aji sun ce maciji ne. Na ɗora ɗaya a tafin hannuna da ƙasa mai danshi na zauna shiru, a hankali suka matso, nace musu bata da ido kuma ta fatarta take numfashi, in ta bushe mutuwa zatayi. Tun daga ranar in sun tono ta da sauri suke mayar da ita su rufe, har faɗa suke yi wa wanda ya barta a rana.

Teku ya fi wuya tunda ba abin da zaka ɗauko ka kawo aji bane. Ina da ƙwallon roba mai taswirar duniya, muna jefa wa juna duk wanda ya cafe sai ya duba babban yatsansa kan ruwa ya sauka ko kan ƙasa, kuma mafi yawan lokuta shuɗi ne saboda ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya. Sannan muka haɗa namu ruwan tekun, gishiri giram 35 a lita ɗaya, kusan haka na gaskiya yake, kowa ya ɗan taɓa a harshe. Muka zuba kaɗan a baƙin faranti muka ajiye a rana, ruwan ya tafi gishirin ya rage fari fat, wani yaro yace ai ashe bai ɓace ba ɓuya yayi. Ƙwai ma mun gwada, a ruwan famfo ya nutse, sai da muka yi ta ƙara gishiri fiye da na teku sosai sannan ya taso.

Wanda basa mantawa shi ne na dabbar tekun nan da ake kira wel, shuɗiyar, wadda babu dabbar da aka sani ta kaita girma, tana kai wajen mita 30. In kace wa ɗan shekara huɗu mita 30 baka ce komai ba, don haka igiya na auna muka shimfiɗa a fili suka yi ta gudu daga kai zuwa jela suna haki. Da nace ba kifi bace, sama take tasowa ta shaƙi iska ta ƙofar da ke saman kanta kuma nono take ba ɗanta, gardama ta kaure, na barsu suka yi ta yi. Daga baya muka kalli kifi mai rai a kwalba yadda gefen kansa yake buɗewa yana rufewa, su da kansu suka lura shi baya tasowa.

Abin da yafi min wahala a duk wannan shi ne riƙe bakina, yaro ya tambaya amsar tana kan harshena amma ince "kai me kake gani?" in jira. Kuma suna son maimaici, abu ɗaya sai su nemi a sake a sake, ina barinsu don kowane zagaye da abin da suke ƙara gani.

Don Allah duk mai son gwadawa ya kula, ƙwayar wake tana shiga hanci da kunne, ni ƙirga su nake kafin in raba da bayan an gama. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa ƙasa, kar a bari su sa ganyen da ba'a sani ba a baki, kuma ruwan baho ko kaɗan ne ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ciki, da an gama wasa a zubar nan take.