Godiyar malaman fili bayan yaye sababbin direbobin tirela

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi taron yaye ɗalibanmu na tuƙin babbar mota lafiya, an tashi lafiya, baƙin nesa kowa ya isa gida. A wurin taron rana ta take, mai gabatarwa yana ta duban agogo, har aka shafa fatiha ba mu kira ko rabin waɗanda suka cancanci godiya ba. Shi ya sa mu malaman fili muka ga gara mu rubuta, mu faɗi abin da kowa ya yi, don yaran su riƙe, iyayensu kuma su san hannuwan da 'ya'yansu suka bi.

Da kai za mu fara, Alhaji, mai kan mota da bodin da aka yi koyo da su. Ka janye mota daga lodi ka ajiye mana a fili, ka kuma san abin da ɗan koyo yake yi wa kulochi. Allah ya mayar maka da ninki. Ba don aron nan ba, da sai dai a zana musu haɗa kai da bodi a allo, alhali wannan aiki ne na ido da kunne. A kan motarka suka koyi a fara sa wa tayoyin bodi waigi, a duba tantebur, wato farantin ƙarfen da ke bayan kai inda bodi ke zama, ko da giris kuma bakinsa a buɗe, a daidaita tsayin bodi ya ɗan yi ƙasa kaɗan yadda kai zai ɗaga shi in ya shiga, sannan a yi ribas a miƙe a hankali har a ji ƙarar kamawa. Jin ƙarar bai isa ba. Sai a sa giya ta ƙasa a ɗan finciki bodin sau biyu, a sauko da tocila a leƙa: kada a ga haske tsakanin tantebur da cikin bodi, haƙoran tantebur kuma su rungume wuyan ƙusar da ke ƙarƙashin bodi, ba kanta ba. In bodi ya yi sama da yawa, ƙusar kan hau bisa haƙoran ta zauna kamar ta kama, mota ta fita gareji lafiya lau, a ramin farko ko kwanar farko bodi ya rabu da kai ya dafa ƙasa. Bayan an tabbatar ne ake jona tiyon iska biyu da wayar wuta, a naɗe ƙafafun bodi har ƙarshe. Tiyo mai launin ja shi ne mai cika tankin bodi, ɗayan kuma, ruwan ɗorawa a motocin Turai irin su DAF da MAN, shuɗi a na Amurka irin su Mack, shi ke kai saƙon birki. Yaron da ya musanya su zai ga bodi ya ƙi sakin taya, ko kuma a tsohon bodi ya tashi ba birki a bayansa sam.

Sai babban bakanikenmu na gareji, wanda ya kwanta ƙarƙashin mota da yaran nan ɗaya bayan ɗaya har rigunansu suka koma kalar baƙin mai. Oga, mun gode. Kai ka cire musu tunanin cewa birkin tirela babban birkin ƙaramar mota ne kawai. Iska ce ke aiki a nan, kwamfiresa kuma inji ke juya ta, saboda haka mai tuƙi idonsa na kan gejin iska kamar yadda yake kan titi. A motar da gejinta ke ƙirga psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, iska kan cika ta tsaya wajen 120 zuwa 125, ta sake kamawa in ta sauko wajen 100. In ta yi ƙasa zuwa wajen 60 ƙararrawa za ta yi kuka, jar fitila ta kama, kuma wannan ba lokacin neman wuri mai inuwa ba ne, lokacin tsayawa ne nan take, domin tsakanin 45 da 20 sifirin ɗin birki zai danne tayoyi da kansa ko a tsakiyar gada kake. Ka nuna musu gwajin yoyo na kowace safiya: a cika iska, a kashe inji, a saki birkin ajiya bayan an sa waigi, a taka birki a riƙe minti ɗaya cur. In kai da bodi suka zubar da fiye da psi 4, akwai inda ke hura, a bi tiyo da ruwan sabulu a nemo. Ka kuma sa su jan zoben da ke gindin kowane tankin iska kullum da yamma. Da yawansu ba su yarda ruwa na taruwa a ciki ba sai da suka ga ruwa gauraye da mai yana feshi a kan takalmansu. Wannan ruwan shi ke cinye bawul, ya rage wa iska wuri a tanki.

Iyayenmu tsofaffin direbobi da suka bar hutunsu suka zo suka zauna kan benci da 'ya'yan cikinsu, ba mu da bakin gode muku. Abin da kuka faɗa a kan gangara ya fi duk abin da ke cikin takardunmu nauyi, shi ya sa za mu maimaita shi nan dalla-dalla. Ana zaɓen giya tun a saman tudu, kafin hancin mota ya kalli ƙasa, kuma giyar da za ta hau da kai tudun ita ce ta sauka, ko ma wadda ke ƙasa da ita in lodi ya yi nauyi. A kunna birkin inji ya riƙe mota, birkin ƙafa taimako ne kawai. In ka yanke cewa kilomita 30 ne gudun da ya dace, da allura ta taɓa 30 sai ka taka sosai har ta sauko wajen 22, ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, duram ɗin birki ya sha iska, ka jira ta sake hawa. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, duram zai yi zafi ya buɗe ya guje wa lainin birki, ya ji yana takawa mota ba ta ji. Wanda kuma yake ta bugun birki a jere kamar mai fanfo, iska yake zubarwa fiye da yadda kwamfiresa ke cikawa.

Mun ji daɗi da kuka fito fili kuka tsine wa sakin mota a firi, wato cire giya a gangara. Kowa ya san dalilin da ake yi: a rage shan gas, a sa ragowar kuɗin a aljihu. To amma da an cire giya, inji ya koma silo, birkin inji ya daina aiki, kwamfiresa ta rage cika tanki, tan talatin ko arba'in kuma suna turo ka daga baya. In gudu ya wuce misali giya ba za ta sake shiga ba, sai dai ka ji tana gurzar haƙora. Duk direban da ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko tudun da ke tsakanin Akwanga da Lafiya, ya ga ƙarafan da ke kwance a gefen hanya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kun kuma tuna musu abin da sabon direba ba ya zato, wato mota ba kaya ta fi saurin kulle taya, kuma a kan jiƙaƙƙen titi birkin inji mai ƙarfi na iya sa tayoyin kai su zame, bodi ya turo, mota ta naɗe.

Mai facinmu na bakin ƙofa, wanda bai taɓa karɓar ko sisi a kan darasin taya ba, Allah ya yi wa sana'a albarka. Yanzu kowane yaro ya iya karanta lambobi huɗun ƙarshe na jikin taya: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Sun san ana auna iska da safe taya na sanyi, ba a kuma sace wa taya iska don ta yi zafi a hanya. Sun san tayar ciki a jerin biyu-biyu kan sace ba a gani ba, ta waje ta ɗauki nauyin biyu har ta fashe, don haka kowace tsayawa a zaga da ƙarfe a bubbuga, a zaro dutsen da ya maƙale a tsakani. In an canza taya, a sake bin notuna goman nan da sifana bayan kilomita 50 zuwa 100. Tsatsa da ta zubo daga gindin noti kamar hawaye alama ce ta ya saki.

Muna godiya ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an duba lafiyar motoci da suka zo fili suka amsa tambayoyi ba tare da tsawa ba. Sun warware wa iyaye abin da ke ruɗa su: takardar makaranta ba lasisi ba ce. Sai an yi gwaji a gaban jami'in duba motoci, a biya kuɗi, a je a ɗauki hoto da zanen yatsu, a karɓi lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihi ya fito, kuma rukunin G ne na tirela. Wanda ya ba ɗan kamasho kuɗi ya kawo masa lasisi har gida bai je an ɗauki yatsunsa ba, kati ya saya. Sun kuma nanata iyakar gudun tirela da tanka: kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tun Fabrairun 2017 ake kama motar haya da ba ta da na'urar ƙayyade gudu, lambar kiran gaggawa ta hukumar kuma 122 ce, a ajiye ta a waya. A kan tazara mu muka ƙara musu ƙa'idar daƙiƙa ɗaya ga kowace mita uku ta tsawon mota, wato tirela mai mita 18 ta bar daƙiƙa shida tsakaninta da na gabanta, a ƙara in ana ruwa ko hazo ya sauka.

Ga 'yan ƙungiya da masu lodi na tasha, mun gode da kuka bar yaran suka tsaya a kan lodi na gaske. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 600 tan 30 ke nan, kuma sun ga yadda ake raba shi kada ya taru a wuya ko a gindi. Sun ɗaure tamfol da hannunsu, sun ji cewa igiya kan saki bayan tafiyar farko, sai an tsaya an sake ja. Kwantena kuwa kusurwa huɗu makulli huɗu, ba a yarda da biyu. Ɗora mutane a saman kaya mun hana, ko nawa za su biya.

Maganar tanka gajeriya ce: kada a ba ko ɗaya daga cikin yaran nan tanka a shekararsa ta farko. Ruwa a tanki motsi yake, ka tsaya ya turo ka gaba, ka sha kwana ya tattaru gefe guda. Haɗarin fashewar tankar mai da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025 bai bar zukata ba, bayansa ne ma aka hana lodin tankar lita 60,000 daga Maris 2025.

Iyaye mata da suka yi adashi suka biya kuɗin makaranta, da Hajiya mai abincin bakin fili da ta yi ta ba da bashi ba ta rubutawa, Allah ya saka da alheri, ya sa ku ci moriyarsu.

Godiya ta ƙarshe, haɗe da roƙo, ga iyayen gida da suka yi alkawarin ɗaukar yaran a kujerar gefe. Makaranta ta koya musu abin da tsarin yaron mota kan bari sai an yi asara kafin a gane, amma ba mu da hanyar Mokwa zuwa Jebba a filinmu, ba mu da cunkoson Apapa, ba mu da daren Tafa. Wannan sai a hannunku. Don Allah kada ku miƙa makulli da wuri don yaro ya iya ribas a fili. Ku fara ba shi sitiyari da rana, a miƙaƙƙiyar hanya, kuna zaune kusa, sannan kwana, sannan gari, gangara da dare su zo ƙarshe. Ku lura da kwanar dama, nan sabo ke manta cewa tayoyin bodi suna yanke hanya ta ciki, su hau kwalbati ko su matse mai babur da ya kutso inda madubi ba ya gani. In zai yi ribas ya karkata ta hagu inda yake ganin bodinsa ta taga, yaron mota ya tsaya inda ake ganinsa a madubi, da ya ɓace a tsaya, a sauko a duba ko sau biyar ne. Kada ya wuce awa huɗu bai tsaya ya miƙe ƙafa ba, kuma wanda ya ga ya fara neman ƙwaya don korar barci ya kira mu kafin ya kira iyayensa. In mota ta lalace, alamar kusurwa uku da fitilun gargaɗi su riga ganye fita, ganyen da duwatsun kuma a kwashe kafin a tashi.

Ku kuma zauna da su tun ranar farko a faɗi kuɗin gas na tafiya, da kuɗin abinci, da wanda zai biya in kaya suka yi gibi. Yaro ya ƙirga kaya da idonsa kafin ya sa hannu a webil, wato takardar kaya, ya ɗauki hotonta a waya. Yawancin rigimar da ke raba sabon direba da maigidansa daga nan take tashi.

Waɗanda ba a ɗauki yatsunsu ba tukuna su zo ofis da takardar shaidar makaranta da ta asibiti, za mu raka su. Alhaji, motarka tana fili an wanke, an canza mata baƙin mai, waigi biyu da muka fasa kuma mun sassaƙa sababbi mun ajiye a akwatin kayan aiki.