Cajin batirin karaban da mota idan babu wutar lantarki

Karaban, wato ɗakin nan mai tayoyi da ake ja da mota a Ingila da sauran ƙasashen Turai, yana da nasa batirin mai volt 12, yawanci 75Ah zuwa 110Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke iya ajiyewa). Shi ke ba fitilu da famfon ruwa wuta. Idan ya mutu a daji, mota za ta iya farfaɗo da shi, amma cika shi wani aiki ne daban.

A fara da mitar auna volt. Batirin da ya huta ya nuna 12.7 a cike yake, 12.2 rabi ne. Idan ya sauka ƙasa da 10.5, musamman in ya kwana biyu a haka, gishirin salfet ya fara kama farantan da ke cikinsa, ko kuma ɗaya daga cikin sel-sel ɗinsa, wato ɗakunan cikin batirin, ya mutu. Wanda ya kumbura ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ma a taɓa shi.

Hanyar gaggawa ita ce wayoyin jamfa masu kauri, wato wayoyin haɗa batiri da batiri. A cire wayoyin karaban daga kan batirin, a fito da shi fili. A tayar da mota tukuna, in ba haka ba mataccen zai zuƙe mai ran, a rasa duka biyun. Ja zuwa ja a kan fositif, sannan baƙi a nigatif na mataccen, ɗaya bakin kuma a maƙala shi a ƙarfen inji. Dalilin yin wannan haɗin na ƙarshe nesa da batiri shi ne batiri na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi. A ɗan taka totur zuwa juyi 1,500 a minti, domin a silo altanata, wato na'urar da ke cajin batirin mota, ba ta ba da ƙarfi sosai, ga zafi tana ɗauka. Bayan minti biyar a taɓa wayoyin. In sun yi zafi, sun yi siriri. Minti 30 zuwa 45 zai ba da wutar fitilun dare ɗaya. A ɗaki rufaffe kuwa, hayaƙin salansa kisa yake yi.

Mutane da yawa suna zaton soket mai fil 13 da ke bayan mota, inda ake jona wayar karaban, zai yi aikin. Fil na 9 ne ke kai wuta, amma wayarsa siririya ce, 2.5mm², ga tsawo. Altanata ta fitar da volt 14.4, kafin ta isa batirin ta zube, sai 'yan amp kaɗan ke shiga. Sababbin motoci ma altanatarsu kan sauke kanta ƙasa da 13 don tsimin mai, sai a yi tafiyar awa huɗu batiri yana nan yadda yake.

Maganin wannan shi ne cajar DC-DC, wadda ake sawa tsakanin batirin mota da na karaban, mai amp 20 ko 30, da waya 10mm² ko 16mm², da fiyus kusa da kowane batiri. Tana ɗaga wutar zuwa yadda batirin ke so, tana kuma taƙaita abin da yake ja. Batirin 100Ah da ya sha rabi yana neman 50Ah, kimanin awa uku ke nan a amp 20, ƙarshen cikar kuma a hankali yake zuwa. Batirin litiyam dole sai da ita. In aka haɗa shi kai tsaye zai iya ƙona altanata.

Bayan an cire waya kada a yarda da abin da mita ta nuna nan take, ko ta nuna 13 ta sama-sama ce. A bar shi ya huta awa biyu a sake aunawa. In bayan cikakken caji ya koma ƙasa da 12 ba tare da an kunna komai ba, sai neman sabo.