Man Tsirrai da Tsutsar Sauro: Inda Aikin Ke Lalacewa

Man ƙamshi na tsirrai, irin na kanumfari, kirfa da bishiyar turare, yana kashe tsutsar sauro, amma ba ya gauraya da ruwa. Wani yakan taso sama ya bi iska, na kanumfari kuwa nitsewa yake yi saboda ya fi ruwa nauyi. Shi ya sa ake farfasa man ya zama ɗigo-ɗigo masu girman nanomita 20 zuwa 200 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita).

Ana fara gauraya man da sinadarin da ke riƙe mai a cikin ruwa, galibi Tween 80, sannan a riƙa zuba ruwa a hankali ana motsawa, daga nan a kai shi na'urar girgiza mai amon kilohaz 20, wato girgiza dubu 20 a daƙiƙa. Na'urar tana zafafa haɗin, zafi kuwa yana korar sinadaran da ake buƙata. Dole kwalbar ta zauna cikin ƙanƙara, a riƙa kunna na'urar ana kashewa.

Kyawun haɗi a ranar farko ba ya nuna komai. Man tsirrai yana ɗan narkewa a ruwa, don haka ƙananan ɗigo kan tsiyaye su koma cikin manya, har haɗin da yake garau ya yi fari kamar madara, daga baya ya rabe. Ƙara Tween ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne a sa ɗan man da ba ya narkewa, kamar man masara, tun kafin a zuba ruwa. Idan man masarar ya yi yawa kuma, kaifin maganin ya ragu. A auna girman ɗigo bayan mako, a sake aunawa bayan wata.

Wajen gwaji, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2005 ta tanadi tsutsa 25 a kowane kofi, 'yan mataki na uku ko farkon na huɗu na girmansu, zafi digiri 25 zuwa 28, a ƙirga matattu bayan awa 24. Idan fiye da kashi 20 cikin ɗari suka mutu a kofin da ba magani, gwajin ya rushe. Kofin da ake yawan mantawa shi ne mai Tween kaɗai. In babu shi, ba a san wa ya yi kisan ba, man ko Tween.

Kududdufi ba kofi ba ne. Rana da laka suna rage ƙarfin man da sauri. Sinadarin kanumfari kuma yana sumar da kifi, kifi kuwa yana cin tsutsa, don haka a gwada haɗin a kan kifi kafin a zuba a ruwan da yake zaune.