Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tuhumar da Ba a Yi Niyyar Tabbatarwa Ba

A makon jiya na tsaya a lokacin da na bar ofishin maigidana, wanda na yi wa aiki tun bayan bautar ƙasa, na kama ɗaki biyu a Gusau na buɗe nawa ofishin. Da farko abin da ake kawo mini bai wuce rikicin gona, da bashin 'yan kasuwa, da ƙananan laifuka irin su sata da faɗa ba. Shari'ar da zan ba da labarinta yau ita ce ta fara shigar da ni aikin da aka san ni da shi daga baya, wato kare mutanen da siyasa ta kai gaban alƙali. Ba zan faɗi shekara ko jam'iyya ko ƙaramar hukuma ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma na ga an yi irin wannan aiki a ƙarƙashin tuta fiye da ɗaya. Ya wadatar in ce ana dab da babban zaɓe, kuma kafin 2015 ne.

Duk wanda ya zauna a Zamfara ya san yadda mulki yake juyawa a nan. Gwamna Mahmuda Aliyu Shinkafi ya hau a ANPP a 2007 ya koma PDP kafin wa'adinsa ya cika, ANPP ta dawo a 2011 da Abdul'aziz Yari sannan ta narke cikin APC a 2013, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya ranar 24 ga Mayu 2019 saboda matsalar zaɓen fidda gwani, Bello Matawalle ya hau a PDP ya koma APC a 2021, sai kuma Dauda Lawal ya ci zaɓe a PDP a 2023. A kowane juyi daga cikin waɗannan, shugaban matasa na gunduma yakan kwanta yana ɗan gwamnati ya wayi gari yana ɗan adawa, alhali bai ko motsa daga ƙofar gidansa ba. Irin waɗannan ƙananan mutane su ne mafi yawan waɗanda na kare, ba manyan da ake jin sunansu a rediyo ba.

Wata dattijuwa ce ta zo ofishina tare da ƙaramin ɗanta, bayan sun taso daga ƙauye tun da asuba. Da muka gaisa ta ce, "Barista, sun tafi da ɗana tun ran Laraba, kuma an ce mini irin laifinsa ba a ba da belinsa. Mi ya yi musu?" Na ce, "Inna, ki ba ni lokaci in ga takarda tukuna, ba zan gaya miki abin da ban gani ba." Ɗan nata ɗan kasuwar hatsi ne, yana da mata da 'ya'ya, kuma shi ne shugaban matasan jam'iyyar adawa a gundumarsu. An yi taron siyasa a garinsu ranar Talata, aka yi arangama tsakanin samarin ɓangarorin biyu, aka yayyaga fastoci aka ƙone babur. Washegari aka bi gida gida aka kama shi da wasu samari, dukkansu 'yan ɓangare ɗaya.

Da na karɓi kwafin rahoton farko na 'yan sanda daga akawun kotun majistare, na ga tuhuma uku. Biyun farko su ne haɗa baki a ƙarƙashin sashe na 97 da tunzura jama'a a ƙarƙashin sashe na 114 na dokar hukunta laifuka ta Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, kuma waɗannan majistare yana iya ba da belinsu a zaman farko. Ta ukun ce ta sa na ajiye takardar na yi shiru. An rubuta cewa a cikin hatsaniyar sun tare wani mutum da adduna sun ƙwace masa waya da kuɗi, wato fashi da makami, laifin da hukuncinsa kisa ne.

A nan ne nake so mai karatu ya natsu, domin wannan layi guda shi ne dukkan shari'ar. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Ya kuma ce wanda aka tsare wata biyu ba a fara shari'arsa ba a sake shi, ko da da sharaɗi. Amma ƙaramin sashe na 7 ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariya. Kotun majistare kuma ba ta da hurumin sauraron fashi da makami, don haka ba za ta tambayi wanda ake tuhuma ko ya amsa laifi ko ya musa ba, kuma ba za ta ba shi beli ba. Abin da za ta yi kawai shi ne ta tura shi gidan yari har sai ma'aikatar shari'a ta duba fayil ta ba da shawara ko akwai abin da za a gurfanar da shi a kai. Ita kuwa shawarar ba ta fitowa sai 'yan sanda sun aika da fayil, kuma a wancan lokaci babu wanda yake ƙirga musu kwanaki. Kotun Ƙoli ma, a wata shari'a da ta taso daga Legas, Lufadeju da Johnson, ta yanke a 2007 cewa irin wannan tsarewa ta majistare ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Saboda haka wanda ya sa aka ƙara wannan layi ba ya bukatar shaida ko ɗaya, kuma ba ya bukatar ya ci shari'ar. Bukatarsa ita ce mutumin ya kasance a kulle ranar jefa ƙuri'a, sauran samarin gari kuma su ga abin da ya same shi.

Na same shi a gidan yari a ɓangaren masu jiran shari'a, inda a lokacin, kamar yanzu, suka fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa nesa ba kusa ba. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar nan ina kasuwar Talata Mafara tun safe, ban dawo ba sai bayan isha'i. Dillalina yana nan, direban da ya ɗauko mini buhuna yana nan." Ya ce ya faɗi haka a caji ofis tun daren farko. Doka ta ce idan wanda ake zargi ya bayyana tun da wuri cewa yana wani wuri daban, ya kuma faɗi inda yake da waɗanda suke tare da shi, wajibi ne a kan masu bincike su je su bincika. Babu wanda ya je. Maimakon haka akwai takardar jawabi da Turanci, harshen da ba ya karantawa, da dangwalen yatsansa a ƙasa, kuma ba a rubuta sunan wanda ya yi tafinta ba.

Na shigar da takardar neman beli a babbar kotu, na haɗa da takardun rantsuwa na dillalin da na direban, na dogara da sashe na 341 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 1960, wanda duk da tsananinsa ya bar wa alƙali ƙofa idan babu dalili mai ƙarfi na yarda cewa mutumin ya aikata laifin. Lauyan gwamnati ya nemi lokaci don ya mayar da martani, aka ɗage. A zama na gaba ya ce fayil bai iso ba, aka sake ɗagewa.

A wannan tsakani ne na fara sanin nauyin irin wannan aiki. Wani dattijo da nake girmamawa ya zo gidana bayan magariba, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce in tuna tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ni yaro ne mai ofis sabo. Wani ɗan kwangila da nake rubuta wa takardu ya aiko a karɓi fayilolinsa ba tare da ya faɗi dalili ba. Kawuna kuma, wanda malami ne, ya kira ni ya tambaye ni da gaske, ba da faɗa ba, ko ya halatta in tsaya wa mutumin da ake zargi da fashi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ku ne kuka karantar da mu cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma ana kawar da haddi da shubuha. Ni abin da nake nema kenan, a kawo hujja." Ya yi shiru, sannan ya ce in dai ban yi ƙarya ba kuma ban sa wani ya yi ba, to in ci gaba. Wannan sharaɗi nasa shi ne kuma abin da ƙa'idar aikin lauya ta ɗora mana, kuma a kansa na tsaya har yau.

Abin da ya fi ci mini rai, duk da haka, ya fito ne daga ɓangaren da mutumin yake wa wahala. Manyan jam'iyyarsa sun zo sun ce in riƙa zuwa gidan rediyo ina bayani bayan kowane zama, kuma ɗaya daga cikinsu ya faɗa mini kai tsaye cewa zaman samarin a gidan yari yana jawo musu tausayi, don haka kada in yi gaggawa. Na ce masa ni lauyan wanda ke kulle ne, ba lauyan jam'iyya ba, kuma uwarsa ce ta ɗauke ni. Ba su sake zuwa ba, ba su kuma kai wa iyalinsa ko mudun gero ba. Ina ganin duk lauyan da zai yi irin wannan aiki ya kamata ya rarrabe wannan tun ranar farko, domin maslahar wanda ake tsare da shi da maslahar jam'iyyarsa sukan rabu, kuma idan sun rabu, wanda ba shi da bakin magana shi ne ke ciki.

Ana saura 'yan makonni zaɓe aka aiko da saƙo ta hannun wani ɗan'uwansa cewa duk wanda ya yarda ya fito fili ya ce ya bar jam'iyyarsa, to maganarsa ta mutu. Hakkina ne in isar masa da saƙon yadda yake, ba in yanke masa shawara ba, kuma haka na yi. Ya tambaye ni ko zan iya yi masa alkawarin ranar fita, na ce ba zan iya ba. Ya ce zai jira kotu. Wasu daga cikin samarin sun karɓi tayin, kuma ba a yi mako ba aka cire sunayensu daga rahoton aka sallame su. Ban taɓa ganin laifinsu ba, domin kowa ya san abin da ya baro a gida. Amma tuhumar fashi da makami da ke iya ɓacewa saboda mutum ya canza hula, ta riga ta bayyana ko wace irin tuhuma ce.

Sai bayan zaɓe aka saurari takardarmu. Alƙalin, wanda har yau nake ganin girmansa, ya ce ba a ajiye komai a gabansa da ya danganta mutumin da fashi ba, ya ba da beli. Sharaɗin ne ya zama wata sabuwar shari'a: mutum biyu masu tsaya masa, ɗaya ya zama babban ma'aikacin gwamnati mai gida da takardar mallaka a Gusau. Wane darakta ne zai sa hannu don ɗan adawa alhali albashinsa da ƙarin girmansa suna hannun gwamnati? Duk wanda muka je wa sai ya ba mu haƙuri, wasu har da hawaye. Na koma kotu na nemi a sassauta, aka amince da tsohon shugaban makaranta mai ritaya da wani ɗan kasuwa mai rasit na haraji.

Shawarar ma'aikatar shari'a ta fito daga baya, ta ce babu hujjar fashi. Sauran tuhumar biyu suka koma gaban majistare, mai ƙara bai taɓa halarta ba, aka kori ƙarar. A takarda mun yi nasara. A gida kuwa damina ta wuce bai yi shuka ba, jarinsa ya tafi a ciyar da iyali da zirga-zirgar kotu, kuma waɗanda suke ba shi hatsi bashi sun koma wa wasu. Na gaya masa cewa sashe na 35 ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba damar neman diyya da neman afuwa a bainar jama'a, na kuma gaya masa gaskiya cewa ko an ci, karɓar kuɗi daga asusun hukuma yana bukatar amincewar Antoni-Janar. Ya ce, "Barista, na gode, amma ba ni son in sake ganin ƙofar kotu." Ban matsa masa ba.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya da aka sa wa hannu a 2015 ta zo ta ƙayyade irin wannan tsarewa zuwa kwana 14 a karon farko, tare da iyaka a kan sabuntawa, ta kuma hana sharuɗɗan beli masu tsanani fiye da kima, jihohi kuma suka riƙa yin nasu a kan tsarinta. Amma a shekarar ce kuma aka yi dokar laifukan intanet, wadda sashenta na 24 ya buɗe wata sabuwar hanya ta kama mutum saboda abin da ya rubuta a wayarsa. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, zan kawo labarin wani ɗalibi da aka ɗauke daga ɗakin kwanansa saboda layi uku da ya rubuta a Facebook, da yadda mahaifinsa, wanda a da yake cikin masu cewa ni lauyan 'yan tada zaune tsaye ne, ya zo ofishina da kansa.