Gyaran baki ba ya zama shaida

Jiya na kwashe tarkacena daga ofis, kwali biyu da tsohuwar fanka, bayan shekara shida ina fama da yaran jami'a kan rubutun furojek, wato binciken kammala digiri. Tunda dai na tafi bari in faɗa.

Ni tun farko jan biro bai min ba. Ka kwana kana zane babi na ɗaya, yaro ya karɓa ya ninke ya cusa a jaka, sati na zagayowa ya dawo maka da shi ko waƙafi bai taɓa ba. Sai na koma magana. Mu zauna gindin darbejiya ya karanto min sakin layinsa da ƙarfi, in ce to rufe takardar, faɗa min da Hausa me kake nufi. Wallahi nan ake gane wanda ya rubuta da wanda ya sayo a kafe. Lokacin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022, wata takwas cur kowa yana ƙauyensu, da saƙon murya a WhatsApp muka ci gaba, wani sai ya hau tudun bayan gari kafin netwok ya sauke masa.

Yaro ɗaya ne ya ja min. Babi na biyu kaf kwafe shi ya yi, sau uku ina faɗa masa baki da baki yana cewa "in sha Allahu Malam zan gyara". Na yarda, na sa hannu ban sake buɗewa ba, wannan kam laifina ne. Ranar difens, wato ranar kare furojek, estanal, malamin da ake ɗaukowa daga wata jami'a ya duba aikin, ya karanta layi biyu ya ɗago kai. Oga shugaban sashe ya juyo gaban ɗalibai, "Malam, ina kwafin da ka gyara masa?" Babu. Mutumin nan ya san sarai yadda nake aiki, har yaba min ya taɓa yi a mitin, amma ranar ya nuna bai san zancen ba. Na sha kweri, ƙarin girman shekarar ya wuce ni. Mai ɗalibai arba'in da ko sunayensu bai sani ba kuwa yana nan lafiya lau.

To sababbin shiga, ku yi maganar, amma yaro ya rubuta abin da kuka ce a gabanku, ku sa hannu da kwanan wata. Kar ku bar musu APA, wato tsarin rubuta madogara, sai ƙarshe. Kar ku karɓi kyautar zabbi daga ɗalibai.

Wani ɗalibina da ya yi furojek ɗinsa kan dillalan shanu a kasuwar Maigatari, da jimlarsa ɗaya sai ta cinye rabin shafi, yanzu mastas yake. Har yau in ya rubuta abu sai ya karanto min a waya.