Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan littafin Baba

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Asabar da aka tashi daga taro nake son in zauna in yi wannan rubutu amma baƙi ba su bari ba, sai yau da gida ya ɗan lafa. A madadin Baba da Umma da ƙannena da dangi gaba ɗaya, ina miƙa godiya ga duk wanda ya zo ƙaddamar da littafin Baba, wato tarin sharhin finafinan Hausa da ya rubuta, da wanda bai samu zuwa ba amma ya yi aike, da wanda ya bugo waya, da wanda addu'a ya yi mana daga inda yake. Wallahi ba mu zaci za a cika haka ba, kujerun da muka hayo ba su isa ba sai da samarin layinmu suka ruga Islamiyya suka ɗebo bencina, wasu dattawa ma a tsaye suka ƙare taron kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Da yawa cikin matasan da suka zo ba su san waye Baba a wannan harka ba, wani ma ya tambaye ni ko tsohon ɗan wasa ne. A'a, Baba bai taɓa fitowa a fim ba. Malamin makaranta ne, Hausa yake koyarwa a nan Tudun Wada har ya yi ritaya, amma shekara da shekaru shi ke rubuta sharhin finafinai a mujallu, wato a saki fim ya saya ya kalla ya rubuta abin da ya gani, inda aka yi daidai da inda aka yi kwaɓa. Shi ɗan zamanin wasan kwaikwayon talabijin ne, su marigayi Samanja Mazan Fama da marigayi Ƙasimu Yero a NTA Kaduna, a kansu idonsa ya buɗe, shi ya sa da finafinan bidiyo suka shigo bayan Turmin Danya a 1990 bai kalle su da idon baƙo ba, yana da abin da yake auna su da shi. Da mujallar Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, sannan Malam Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a nan Kaduna a watan Maris na 1999, sai ƙofa ta buɗe wa masu irin wannan rubutu. Baba ya rubuta wa mujallu fiye da ɗaya, wasu sun yi ƙarko, wasu fitowa kaɗan suka yi kuɗi ya ƙare suka tsaya.

Bara da damina ne jarrabawa ta same mu. Ya dawo daga sallar asuba ya faɗi a ƙofar ɗaki, hawan jini, ɓarin dama ya shanye, hannun da yake rubutu da shi ɗin nan, magana ma ta ɗauke na wani lokaci. Ina godiya ga likitoci da nas-nas da suka kula da shi, musamman mai gashin ƙashin da ke zuwa gida yana ɗaga masa hannu da ƙafa yana lallashinsa in ya gaji, da maƙwabcinmu mai Keke Napep da ya kai mu asibiti a ranar kuma har yau ya ƙi karɓar ko sisi, da abokan aikin Baba tsofaffin malamai da suka yi karo-karo daga ɗan fanshon da su ma bai ishe su ba. Wannan ba zan taɓa mantawa ba.

Da bakinsa ya fara buɗewa, cikin abubuwan farko da ya nema akwai akwatin ƙarfensa da ke ɗakin ajiya, inda yake tara mujallun da rubutunsa ya fito. Muka jawo muka buɗe, gara da danshi sun gama da fiye da rabi, ka ɗaga mujalla ta zube a hannunka, wasu shafukan sun manne da juna ba sa ɓantaruwa. Bai ce komai ba, hawaye kawai. A daren na sa cigiya a Facebook ina roƙon duk mai tsohuwar mujallar fim ta Hausa ya taimaka mana da aro ko da hoto ne, kuma gaskiya a nan ne asalin godiyata take, don littafin nan da kuka gani a kan tebur ranar Asabar mutanen da suka amsa wannan cigiya su suka haɗa shi.

Akwai wata Hajiya a Rigasa da ta aiko ɗanta da ƙunshi a leda, mujallun da ta tara tun tana budurwa, ta tafi da su gidan miji a ƙasan akwatin lefe, duk tashin da suka yi daga gidan haya zuwa gidan haya ba ta yar ba. Hajiya Allah ya raya miki zuri'a. Akwai wani tela a Funtuwa, shi ba don karatu ma ya ajiye su ba, don ɗinki ne, mata na zuwa su nuna hoton 'yar wasa su ce irin wannan za a yi musu, to shafukan hotunan sun sha hannu sun yi baƙi amma shafin sharhi yana nan fes ba wanda ya taɓa, ya tattaro ya ba direban mota ya kawo mana tashar Kawo. Akwai dattijon da ya daɗe yana sayar da jarida a wajen shataletalen Leventis, kwantan da bai mayar ba yana nan a buhu a gidansa, ya ce in zo in zaɓa da kaina. Akwai wani bawan Allah a Damagaram da ban taɓa ganinsa ba, ya zauna ya ɗauki hoton shafi bayan shafi da waya ya turo ta WhatsApp, in hoto bai fita ba in ce ya sake, ya sake, da datarsa, bai taɓa nuna gajiya ba. Da ɗalibai daga Zariya da Kano masu bincike a kan fim da suka ba mu abin da suka yi fotokwafi.

Me ya sa na damu da wannan har haka? Don da muka zauna haɗa rubutun ne muka gane yawancin finafinan da Baba ya yi sharhi a kansu yanzu babu su. Ba a YouTube, ba a kasuwa, wasu ko wanda ya shirya su ba shi da kwafi. Kaset ne, ya yi funfuna ko zaren ya tsinke, da aka koma CD kuma ya karce aka watsar. Manya irin Sangaya da Wasila da suka girgiza kasuwa wajen 1999 zuwa 2000 kowa ya san su, amma ƙananan da ake saki kusan kullum a kasuwannin Bata da Ƙofar Wambai a Kano fa? Da yawansu abin da ya rage a duniya shi ne shafi ɗaya ko biyu na mujalla. Kuma Baba yana da wata al'ada da editoci ke ƙorafin tana cin fili, a saman kowane sharhi sai ya jera sunan kamfani, furodusa, darakta, wanda ya rubuta labari, mai ɗaukar hoto, wanda ya tace, mai kiɗa da waɗanda suka rera waƙoƙin, ba 'yan wasan da ke jikin kwali kaɗai ba. Ranar Asabar wani mutum ya buɗe littafin ya ga sunan mahaifinsa marigayi a matsayin mai ɗaukar hoto, ya riƙe hannuna ya kasa magana. Yara suna jin ana cewa babansu ya yi harkar fim amma ba su da abin nunawa sai yanzu.

Ni na tashi na ga yadda yake aikin. Ba ya karɓar kaset kyauta daga mai fim, da kuɗinsa yake saya. Kallon farko da mu ake yi a falo, yana kallon fim ɗin yana kallonmu, ina muka yi dariya, ina Umma ta tashi ta tafi kicin. Kallo na biyu shi kaɗai bayan isha, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta a cinya da biro ja, yana tsayar da bidiyon yana mayarwa baya yana duba lambar da ke tafiya a jikin na'urar, in NEPA ta ɗauke wuta ya zauna da fitilar ƙwai yana jira. Ɗaya daga cikin littattafan ya tsira daga gara, mun sa hoton shafinsa a cikin littafin, za ku ga inda ya rubuta minti kaza jarumi ya shiga ɗaki da farar hula ya fito da ja, minti kaza inuwar mai riƙe makirfo ta fito a bango, sannan a ƙasa ya ja layi biyu ya rubuta cewa uwar da ke fim ɗin ta yi kukan da ya fi na kowa gaskiya, a nemi sunanta. Haka yake, yana kama kuskure amma yana neman wanda zai yaba.

Abin da ya fi yaƙa a rubutunsa shi ne wankiya, a ɗauko fim ɗin Indiya sukutum a sauya sunaye a ce labarin Hausa ne, yakan kawo sunan na asalin ma don kar a yi musu. Bai ce a daina waƙa a fim ba, yana cewa Bahaushe da waƙa aka san shi, abin da ba ya so shi ne a tsayar da labari cak a tafi lambu a yi rawa a dawo, ko a ja labarin kaset ɗaya a raba shi kashi uku don a sayar da kwali uku. Ya yi bayanin wannan sosai a wani dogon rubutu da muka sa a tsakiyar littafin, yadda furodusa ke buga kwali ya kai wa 'yan kasuwa su kuma su kwafa a kaset ɗinsu, don haka ɗan kasuwa ke faɗin fuskar wa za a sa da waƙa nawa za a yi, ba marubuci ba. Kuma ya tsaya wa 'yan camama lokacin da masu jin kansu ke raina su, ya rubuta cewa marigayi Rabilu Musa Ibro ya fi da yawa cikin jaruman soyayya sanin halin talaka. Ni a ganina wannan shi ne mafi ƙarfin babi a littafin.

Sai abin da ya ƙi yi. Bai taɓa rubuta wa ke neman wa ko auren wa ya mutu ba, duk da shi ne ke sayar da mujalla. Ko a 2007 da aka dakatar da shirya fim a Kano, hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001 ta tsananta, 'yan fim da yawa suka kwaso kayan aiki suka dawo nan Kaduna, gari ya cika da surutu, shi a kan aikin ya tsaya, ya faɗa wa 'yan fim inda suka jawo wa kansu, ya kuma tuna wa masu zagi cewa akwai dubban masu cin abinci a harkar da ba su yi laifin komai ba. Ya sha zagi daga ɓangare biyu a lokacin, ina tuna Umma tana roƙonsa ya bar rubutun nan haka.

Shi ya sa zuwan wani darakta ranar Asabar ya taɓa ni ƙwarai, ba zan kama suna ba don bai ba ni izini ba. Mutumin nan ya taɓa zuwa har ƙofar gidanmu da mujalla a naɗe a hannu yana faɗa saboda sharhin da Baba ya yi wa fim ɗinsa, ina yaro a lokacin na ji tsoro sosai. Shi ne ya karɓi lasifika ya ce duk abin da Malam ya lissafa gaskiya ne, kuma tun daga ranar bai sake zuwa lokeshan ba tare da mai kula da kaya da rubutaccen labari ba, ya durƙusa gaban keken Baba ya gaishe shi. Daga baya muka gano ashe yana cikin waɗanda suka biya kuɗin magani a ɓoye. Alhaji mun gode, Allah ya sa a mizani.

Godiya ga ƙanwata da ta buga littafin nan kaf a kwamfuta tana goyo, wani shafin sai ta sa gilashin Baba a kan hoton waya kafin ta gane kalma, in ta kasa ta karanta masa jimlar shi kuma ya cike daga ka. Godiya ga Kawu da ya sayar da ragunansa ya ba da kuɗin takarda, ga masu maɗaba'a da suka yi haƙuri da biyan kaɗan-kaɗan, ga malamin jami'ar da ya duba rubutun ya gyara ƙa'ida bai karɓi komai ba, ga tsofaffin editoci da suka ba da izinin sake bugawa ba tare da wani ja-in-ja ba, ga Gwaggo da matan unguwa da suka kwana a kan waina da zoɓo, ga wakilin mai unguwa da limaminmu da ya buɗe taro da addu'a. Umma kuwa ban san da wane baki zan gode miki ba, ke kika yi jinya, ke kika haƙura da kuɗin cefane yana tafiya sayen kaset shekara da shekaru, Allah ya ba ki Aljanna.

Jikin Baba da sauƙi Alhamdulillah, yana takawa da sanda, yana koyon rubutu da hagu, waɗanda ya sa wa hannu a littafi kun ga yadda ya ɗauki lokaci, mun gode da haƙurin layi. Kuɗin da aka tara za su tafi ga magani da gashi, kuma insha Allah za mu kai kwafi Arewa House da ɗakunan karatu na jami'o'i don masu bincike su samu. Waɗanda suka ba mu aron mujallu duk na rubuta suna a jikin kowane ƙunshi, zan fara mayarwa makon gobe, na Funtuwa zan kawo da kaina. Har yanzu muna neman fitowar 2002 zuwa 2004 don nan ne gara ta fi yi mana ɓarna, Baba ya ce akwai rubutunsa da yawa a ciki da ba su shiga wannan bugu ba, dan Allah wanda ke da su ko ya san mai su ya yi min magana ta inbox, ko da bangon ya cire muna so.