Giram 40 da suka kusa rufe mini sana'a

Kakana ya ƙare rayuwarsa yana wanke yashi a bakin rafi, mahaifina ya gaje shi, saboda haka tun ina ƙarami na san cewa nauyi ne ke tona asirin zinari, domin idan aka juya ƙwarya cikin ruwa yashi ya kan tafi, shi kuwa ya kwanta a ƙasa. Da na buɗe wurin ƙera sarƙoƙi da zobba, sai na ɗauki wannan gado a matsayin jari, ina gaya wa masu saye cewa a gidanmu ba a yi mana wayo da zinari, har ni kaina na yarda da maganar fiye da kima.

A shekarata ta biyu wani dillali da muka daɗe muna hulɗa ya kawo mini tsofaffin awarwaro masu nauyin giram 40, ɗauke da tambarin 750, wato karat 18, ma'ana kashi 750 cikin 1000 zinari ne. Na goga su a dutsen gwaji, na ɗiga asid, zanen bai ɓace ba, alamar zinari ne na gaske. Hannuna ya ji sun yi sauƙi, amma na ce wa kaina wataƙila cikinsu holoƙo ne, kuma na ji nauyin sa musu zarto a gaban mutumin da muke gaisawa kullum. Na narkar da su tare da giram 60 na karat 18 na gaske. Ashe tagulla ce aka yi wa ruwan zinari mai kauri, kuma abin da ya fito daga wutar bai wuce karat 11 ba. Da shi na ƙera zobba 14, na buga musu 750 da hannuna, na sayar.

Wata mata ce ta dawo da nata bayan an gwada mata a wani wuri. Ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye shi a kan sikeli, ta ce, "Malam, amana ce ta kawo ni wurinka." Wata huɗu na yi ina neman sauran mutum 13 ina mayar musu da kuɗinsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin da zai cece ni bai fi minti biyar ba. Da na auna awarwaron cikin ruwa, da na gane, domin karat 18 ya fi ruwa nauyi wajen sau 15, tagulla kuwa ba ta kai sau 9 ba. Da na ba mahaifina labari, tambaya ɗaya ya yi mini: "Hannunka bai gaya maka ba?"

Yanzu ba abin da ke shiga wuta sai na yanka shi na ga cikinsa, ko na wane ne, kuma ba na haɗa kayan mutum biyu a narki ɗaya. Dillalin ya rantse cewa shi ma cutarsa aka yi, bai biya ni ko kaɗan ba, kuma har gobe yana nan yana sana'arsa, ana ba shi hannu ana kiransa mutumin kirki.